Lummi, ƙaramar ƙabilar Amurka da ta hana labaran kakanninta mutuwa

A ranar 29 ga watan Yulin 2021, wata mota ta isa tsakiyar birnin Washinton tana jan tirela, a kai an ɗaure gungumen itace mai tsawon mita 7 da rabi, nauyinsa ya haura tan 2. Tun daga kai har gindi sassaƙa ce da launuka: ga farin wata, ga mikiya ta sunkuyo ƙasa, ga kifi, ga wata kaka da jikarta, ga ɗigon hawaye guda bakwai. Makonni biyu motar ta yi a hanya, daga gaɓar tekun Fasifik zuwa babban birnin Amurka, tana yada zango a wuraren da ƙabilun asali ke takaddama da masu haƙar ma'adinai, masu shimfiɗa bututun mai da masu madatsun ruwa. Duk inda ta tsaya, jama'a kan matso su ɗora hannu a jikin itacen.

Wadda ta tarbi kayan ita ce Deb Haaland, ministar da ke kula da filayen gwamnati da lamurran ƙabilu a wancan lokaci, kuma ta farko daga ƴan asalin ƙasar da ta taɓa riƙe kujerar minista a Amurka. Masu aiko da saƙon kuwa masassaƙa ne na wata ƙabila mai mutum 5,000 da ɗoriya, adadin da unguwa guda a Maradi ko Damagaram za ta iya shanyewa. Sunanta Lummi.

Shekaru ɗari da suka wuce, ana hukunta yaran wannan ƙabila a makaranta in aka ji su suna magana da harshen iyayensu, raye-rayensu kuma doka ta haramta. Amma ga shi yau sassaƙarsu tana ratsa ƙasa, labaransu suna cikin darussan makarantun gwamnati. Abin da ya cece su shi ne ba su kai gadon nasu gidan tarihi sun kulle ba. Sun ci gaba da saka shi aiki: a kotu, a aji, a kan ruwa da kuma kan titi.

Su wane ne Lummi?

Da yawa daga cikinmu a fina-finan kaboyi muka fara ganin waɗanda ake ce wa "Indiyawan daji", da dawakai da gashin tsuntsu a ka. Lummi ba su yi kama da wannan hoto ba ko kaɗan. Mutanen ruwa ne, masunta, masu kwale-kwale. Suna kiran kansu Lhaq'temish, kuma suna cikin babban dangin al'ummomin da ake kira Salish na gaɓar teku, waɗanda iyakar Amurka da Kanada ta raba gida biyu. Mazauninsu na yau yana arewa maso yammacin jihar Washinton, wadda ba ta haɗa komai da birnin Washinton ba sai suna, kusa da garin Bellingham, kimanin kilomita 30 daga iyakar Kanada.

Kafin zuwan Turawa, ƙasarsu ta haɗa da tsibiran San Juan da gaɓar da ke fuskantarsu. A ranar 22 ga watan Janairun 1855 shugabanninsu, tare da na wasu ƙabilu, suka sa hannu kan yarjejeniyar Point Elliott da gwamna Isaac Stevens. An yi tafinta ne da wani gajeren harshen kasuwa mai suna Chinook, wanda kalmominsa ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Da wannan harshe aka yi cinikin ƙasa sukutum. An bar wa Lummi keɓaɓɓen yanki na hekta 5,000 da ƴan kai. Sai dai akwai abu ɗaya da dattawan suka tabbatar an rubuta: za su ci gaba da kama kifi a duk wuraren da suka saba yi tun kaka da kakanni. Wannan sharaɗi zai dawo cikin labarin nan fiye da sau ɗaya.

Matar Kifi da ramin da ke cikin taru

Abincin Lummi da arzikinsu shi ne kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya tafi teku ya girma, sannan ya komo kogin da aka haife shi ya yi ƙwai ya mutu. Babban labarinsu ma a kansa yake. Kowane gida da yadda yake bayar da shi, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. An yi wata muguwar yunwa, sai Hankaka, shugaban jama'a, ya shiga kwale-kwale neman abinci har ƙarfinsa ya ƙare a tsakiyar teku. Can ya gamu da Matar Kifi, wadda ta tausaya masa, ta ba mutanensa ƴaƴanta, wato kifayen salmon iri-iri, su zama abincinsu. Da aka ƙoshi aka manta da yunwa, sai wasu suka fara ƙorafin sun gaji da cin kifi kullum. Matar ta ji zafi, ta tattara ƴaƴanta ta koma teku. Sai da aka yi ta roƙo ta yarda ta dawo, bisa sharaɗin cewa kifin zai riƙa zuwa ne lokaci-lokaci, kuma dole a girmama shi.

Wanda ya tashi da Gizo da Ƙoƙi zai ce ai tatsuniya ce. Tatsuniya ce, amma a wurin Lummi dokar su ce kuma. Dabarar kamun kifin da suka shahara da ita ana yin ta ne da kwale-kwale biyu da aka kafe a kan hanyar kifi, taru na ɓawon itace a tsakaninsu, da igiyoyi da aka ɗaura wa ciyawa domin kifi ya zaci ƙasan teku ce ke tasowa. Mutum guda yana tsaye yana leƙen ruwa, da ya hango garken ya shigo sai ya yi kira a ɗaga. A ƙarshen tarun kuwa da gangan ake barin rami, saboda wasu kifayen su kuɓuta su je su hayayyafa. Yaron da ya ji labarin Matar Kifi da hunturu, lokacin da dangi ke taruwa a dogon gidan katako ana hira, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan rami idan ya girma.

Kowane wurin kafa taru yana da suna, yana da gidan da ya gada. A shekarun 1890 kamfanonin kifin gwangwani suka kafa manyan tarkuna a gaban waɗannan wurare suka tare hanya, Lummi suka kai ƙara suka sha kaye. Amma sunayen wuraren da na masu su ba su fita daga bakin tsofaffi ba. A shari'ar da alƙali George Boldt ya yanke ranar 12 ga watan Fabrairun 1974, an saurari dattawan ƙabilu, an kuma karɓi rahotannin masaniyar al'adu Barbara Lane, waɗanda suka haɗa tsofaffin takardu da abin da aka ji daga baki. Alƙalin ya ce yarjejeniyar 1855 tana nan da ranta, kuma ƙabilun da suka sa hannu suna da haƙƙin rabin kifin da aka halatta kamawa. Kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin a 1979. Abin da kaka ta faɗa wa jika a bakin wuta ya zama hujja a gaban shari'a.

Shekarun da aka ɗaure harshe

Kafin a kai ga wannan nasara, an sha wuya. A 1883 gwamnatin Amurka ta fitar da ƙa'idojin da suka mai da raye-raye da bukukuwan ƙabilu laifi. A ƙetaren iyaka, Kanada ta haramta babban bikin rabon kyauta da ake kira potlatch daga 1885 har zuwa 1951. Yara kuma aka riƙa kwashe su zuwa makarantun kwana, irin ta Tulalip a jihar Washinton da ta Chemawa a jihar Oregon, inda ake aske musu kai, a canza musu tufafi, a hana su harshensu.

Binciken da ma'aikatar Deb Haaland ta kammala a 2024 ya ƙirga irin waɗannan makarantu 417 a faɗin Amurka, ya kuma tabbatar da mutuwar yara aƙalla 973 a cikinsu. A watan Oktoban shekarar shugaba Joe Biden ya nemi gafara a bainar jama'a. Amma ɓarnar ta riga ta auku. Yaran da aka daka saboda harshe sun girma sun ƙi koya wa nasu ƴaƴan, don kada su sha irin abin da suka sha. Haka harshen Lummi, Xwlemi Chosen, ya kai bakin gaɓa, masu jinsa tun daga goyo suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sai a 1978 aka yi dokar da ta amince wa ƙabilun da ƴancin gudanar da al'amuransu na gargajiya, a 1990 kuma aka yi ta kare harsunansu.

Gida ɗaya, zuriya huɗu

In ana son ganin yadda abu ya tsallake wannan rami, sai a dubi gidan Hillaire. Dattijo Frank Hillaire ya kafa ƙungiyar waƙa da rawa mai suna Children of the Setting Sun, wato Ƴaƴan Faɗuwar Rana, wadda ke wasa a gaban baƙi da Turawan yankin. Abin da hukuma ta hana a yi a matsayin al'ada, ta ƙyale a yi shi a matsayin wasan kallo, kuma ta wannan ƙofa yaran gidan suka haddace waƙoƙin. Wasiyyar da zuriyarsa ke yawan ambata ita ce kada su bari wutarsa ta mutu.

Ɗansa Joseph Hillaire, wanda ya rayu daga 1894 zuwa 1967, shi ya ɗauki gizago. A nan akwai abin da ya kamata a fayyace. Dogayen ginshiƙan da duniya ta sani da sunan totem asalinsu na ƙabilun arewa ne, irin su Haida da Tlingit. Mutanen Salish sun fi sassaƙa ginshiƙan cikin gida da siffofin tarbar baƙi. Joseph yana cikin waɗanda suka ɗauki dogon ginshiƙin suka mai da shi allon ba da labari, ana karanta shi siffa bayan siffa. Ba abin bauta ba ne, ba a yi masa sujada ko yanka. Aikinsa ya fi kusa da na littafi ko tutar gida. Joseph ya sassaƙa wanda birnin Seattle ya kai wa birnin Kobe na Japan kyauta a 1961, ya kuma yi wani domin baje kolin duniya da aka yi a Seattle a 1962.

Ƴarsa Pauline Hillaire, mai sunan gargajiya Scälla, ta shafe rayuwarta tana shiga makarantu da tarurruka tana koyar da waƙoƙi da labaran da ta ji a wurin mahaifinta. A 2013 ta samu lambar girmamawa mafi daraja da Amurka ke ba masu riƙe da fasahar gargajiya, kuma a shekarar ce littafinta kan ginshiƙan mahaifinta ya fito, inda ta bi su ɗaya-ɗaya tana faɗin labarin da ke jikin kowanne. Ta rasu a 2016.

Yau sunan tsohuwar ƙungiyar rawar yana kan wani kamfanin shirya fina-finai da Darrell Hillaire, tsohon shugaban majalisar ƙabilar, ya kafa a Bellingham. Sun fara da wasan kwaikwayo kan alkawuran yarjejeniyar 1855 da ba a cika ba, suka wuce zuwa fina-finan gaskiya kan kifin salmon, da shirin murya na intanet mai suna Young and Indigenous wanda matasa ke gabatarwa da kansu. Sun kuma tattara hirarrakin dattawan Salish a littafi mai suna Jesintel. Daga rawa zuwa gizago, daga gizago zuwa littafi, daga littafi zuwa kyamara, kayan aikin ne ke sauyawa a hannun kowace zuriya.

Ɓawon itace da gashin kare

Itacen da ake wannan sassaƙa da shi shi ne jan sida, wanda kan yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Na ginshiƙin 2021 ya kai shekara 400. Da shi ake gida da kwale-kwale da filafili, da ɓawonsa kuma ake saƙa malafa, kwando, tabarma da igiya. Ɗibar ɓawon tana da lokacinta, ƙarshen bazararsu zuwa farkon zafi, sa'ad da ruwan itacen ya taso. Ana tsaga ƙasa kaɗan, a kama a ja sama, sai dogon zare ya ɓallo. Gefe guda kawai ake ɗiba don itacen ya rayu, kuma mai ɗiba yakan yi godiya kafin ya taɓa. Daga nan a raba ɓawon ciki da na waje, a naɗe, a ajiye ya bushe kamar shekara guda kafin a jiƙa a fara saƙa. Wanda ya koyi saƙar malafa ya koyi haƙuri da sanin daji tare da ita.

Saƙar bargo ta fi shan wahala. A da, matan Salish suna kaɗa zare da gashin akuyar dutse da na wani ƙaramin kare mai farin gashi da suke kiwo musamman, suna ware shi daga sauran karnuka don kada irin ya gauraye. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 karen ya ɓace daga doron ƙasa, barguna na masana'anta suka cika kasuwa. Fatar guda ɗaya, ta wani kare mai suna Mutton da ya mutu a 1859, tana ajiye a cibiyar Smithsonian. Binciken da aka wallafa a mujallar Science a watan Disamban 2023, wanda aka yi tare da masaƙa da dattawan Salish, ya nuna irin karen ya rabu da sauran karnuka tun dubban shekaru, abin da tsofaffi suka daɗe suna faɗa.

A Lummi, mutum biyu ne aka fi danganta farfaɗo da saƙa da su: Fran James, wadda ta koya a hannun kakarta, da ɗanta Bill James, mai sunan gargajiya Tsi'li'xw, wanda ya zama sarkin gado na ƙabilar kuma malamin harshe. Uwa da ɗa sun shafe shekaru suna koyar da duk wanda ya zo da niyyar koyo. Ta rasu a 2013, shi kuma a 2020. Barguna da malafun da ake gani yau a bukukuwan Lummi, da yawansu daga hannun ɗalibansu suka fito.

Ginshiƙan da ke tafiya

Masu ginshiƙin da muka fara da shi su ne House of Tears Carvers, wato Masassaƙan Gidan Hawaye, ƙarƙashin jagorancin Jewell James. Sun fara jan hankalin Amurka ne bayan harin 11 ga Satumban 2001. A 2002 suka kai ginshiƙin jaje jihar New York, a 2003 suka kai wani Shanksville inda jirgi na huɗu ya faɗi, a 2004 kuma suka kai na tunawa da waɗanda suka mutu a Pentagon. Mutanen da gwamnatin ƙasar ta ƙwace wa ƙasa su ne suka ratsa ta da kyautar ta'aziyya.

Bayan shekaru kaɗan sai gobara ta zo ƙofar gida. Wani kamfani ya nemi gina tashar jiragen ruwa a Cherry Point, wurin da Lummi ke kira Xwe'chi'eXen, domin fitar da kwal har tan miliyan 48 a shekara zuwa Asiya. Wurin tsohon ƙauyensu ne na dubban shekaru, da kaburburan kakanni, kuma matattarar kifi da ƙaguwa. A 2012 shugabannin ƙabilar suka taru a bakin ruwan suka ƙona wani babban cakin kuɗi na kwaikwayo, alamar cewa wurin ba na sayarwa ba ne. Daga 2013 masassaƙan suka fara ɗaukar ginshiƙai suna bin hanyar da jiragen ƙasa za su bi da kwal ɗin, suna tsayawa a ƙauyukan wasu ƙabilu, majami'u da jami'o'i, suna bayyana siffofin da ke jiki, daga nan zance ya gangaro kan tashar. A ranar 9 ga watan Mayun 2016, sashen injiniyoyin sojan Amurka, wanda ke ba da izinin gini a ruwa, ya ƙi amincewa da aikin. Dalilinsa shi ne tashar za ta taɓa haƙƙin kamun kifi na yarjejeniyar 1855.

Ba kullum ake nasara ba. A 1970 an kama wata ƴar orka, babbar dabbar teku mai baƙi da fari, a ruwan jihar Washinton, aka sayar da ita ga wani gidan wasan dabbobi a Miami. Masu kallo sun san ta da Lolita ko Tokitae, Lummi kuwa suka raɗa mata Sk'aliCh'elh-tenaut, domin a wurinsu orka dangi ne da ke zaune ƙarƙashin ruwa. A 2018 suka kai ginshiƙi har Miami suna neman a sako ta. An kai ga shirin mayar da ita gida, sai ta mutu ranar 18 ga watan Agustan 2023, bayan shekara 53 a cikin tafkin siminti. Tokarta ce ta dawo, suka zuba a teku cikin wani biki da ba a gayyaci ƴan kallo ba.

Sallama daga cikin kwale-kwale

Wurin da matasa suka fi shiga da ƙarfinsu shi ne ruwa. Tun 1946 Lummi ke yin bikin Stommish a watan Yuni, wanda aka fara domin tarbar ƴaƴansu da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu. Ana tseren dogayen kwale-kwale masu ɗaukar mutum 11, ana gasa kifi, ana wasan canke na ƙasusuwa da ake kira slahal, da kiɗa da waƙa.

Sai kuma babbar tafiyar kwale-kwale ta ƙabilun gaɓar, wadda ta samo asali daga wata tafiya zuwa Seattle a 1989. Kowace shekara ƙabila ɗaya ke karɓar baƙi, sauran su tuƙo zuwa gare ta, wasu su yi makonni a hanya. Lummi sun karɓa a 2007, inda suka yi bikin potlatch na farko tun shekarun 1930, suka sake karɓa a 2019 da kwale-kwale kusan 100. Ba a sauka haka kawai. Kowane jirgi zai tsaya a bakin gaɓa, mutum guda ya miƙe ya faɗi su wane ne, daga ina suke, ya ce sun gaji suna jin yunwa, ya nemi izinin sauka, da harshen ƙabilarsa in zai iya. Sau da yawa matashi ake ba wannan aiki, kuma ga wasu wannan ne karon farko da suke furta jimla cikakkiya da harshen kakanninsu a gaban dubban mutane. Bayan sauka, kwanaki ake yi kowace ƙabila tana fitowa da waƙoƙinta, masu masauki kuma su rufe da rabon kyauta.

Dokar tafiyar ita ce ba giya, ba ƙwaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga al'ummar da a watan Satumban 2023 ta ayyana dokar ta-ɓaci bayan ƙwayar fentanil ta kashe mutane da dama cikin ƴan kwanaki. Shugabanninta suna kallon filafili, saƙa da harshe a matsayin wani ɓangare na magani, tare da asibiti da cibiyoyin jinya.

Na rabawa da na ɓoyewa

Duk da wannan buɗe ƙofa, Lummi ba komai suke fitarwa ba. Raye-rayen hunturu da ake yi a dogon gida ba a ɗaukar su hoto, ba a kuma yin bayaninsu ga baƙo. Waƙoƙi da yawa mallakar gidaje ne, wanda ba ɗan gidan ba ba ya rera su sai da izini, ko da ya haddace. Sunayen gargajiya ma gado ne. Ranar da za a ba yaro sunan kakansa, ana kiran wasu mutane daga cikin taro a matsayin shaidu, a ba su ƴar kyauta, nauyinsu kuma shi ne su riƙe abin da suka gani su faɗa duk ranar da aka yi gardama. Rajista ce da ba ta buƙatar takarda.

A zamanin da kowa ke da waya a hannu, wannan iyaka tana shan gwaji. Haka ma kasuwa, inda ake sayar da kwaikwayon zanen ƙabilu da aka buga a masana'anta. Wata dokar 1990 ta haramta sayar da kaya da sunan aikin ɗan ƙabila alhali ba shi ya yi ba, amma ba ta hana satar salon zane ba. Matsayin Lummi dai a fili yake: su ne za su zaɓi abin da za a gani, su ne kuma za su ba da labarinsa.

Abin da suka zaɓa su raba, sun gina masa gidaje. Makarantar koyon kiwon kifi da suka buɗe a 1973 ita ce ta zama kwalejin Northwest Indian College a 1989, inda ake karatun kimiyyar muhalli tare da ilimin gargajiya. Makarantar ƙabilar tana koyar da Xwlemi Chosen tun daga ƙananan azuzuwa. A 2015 jihar Washinton ta wajabta koyar da tarihi da ƴancin ƙabilu a duk makarantun gwamnati. A 2021 kuma aka naɗa Rena Priest, ƴar Lummi, a matsayin sarauniyar mawaƙan jihar, ta farko daga ƴan asalin ƙasa, ta kuma yi amfani da muƙamin wajen tattara waƙoƙin jama'a kan kifin salmon.

Sauran aiki

Babbar barazanar yanzu ba daga hukuma take ba. Kifin da aka gina labarin a kansa ne ke raguwa. A 2021, shekarar da aka kai ginshiƙi Washinton, manyan salmon kimanin 2,500 suka mutu a reshen kudu na kogin Nooksack kafin su yi ƙwai, saboda ruwa ya yi ƙasa ya kuma yi ɗumi. Manyan itatuwan sida da za a iya fafe kwale-kwale da su sun yi wuyar samu. Harshen ma har yanzu a aji yake da ƙarfi, bai koma kicin da filin wasa ba.

Hausa ba ta cikin irin wannan hali, masu jinta miliyoyi ne. Amma ɗan ci-rani da ke renon ƴaƴa a Faransa, Beljiyam ko New York ya san cewa harshe ba ya mutuwa a ƙasa baki ɗaya lokaci guda. Gida-gida yake mutuwa, ranar da yaro ya kasa gaida kakarsa a waya. A Lummi zuriya biyu suka isa a kai ga haka, kuma gyaran ya ci fiye da shekara 50 bai ƙare ba.

Kowace shekara, idan salmon na farko ya shigo, Lummi kan taru su tarbe shi kamar babban baƙo. Ƴan makaranta ne ke gaba da waƙa da ganga, sanye da malafun ɓawon sida. Ana ba da labarin Matar Kifi, a gasa kifin, a gutsura wa kowa ɗan kaɗan. Daga nan a tattara ƙasusuwan, a ɗauke su zuwa bakin ruwa a mayar, domin ya koma ya shaida wa danginsa cewa mutanen nan sun karɓe shi da mutunci.